Jigidar Mashkura

Ni Bara'atu, kowa Goronyo ya san sana'ata, jigida nike zurawa tun ina budurwa. To yau sana'ar nan ta yi min abin da ban taɓa tsammani ba, kuma wallahi in ban ba da labari ba cikina na iya hwashewa!

Mashkura ɗiyar ƙanena Lauwali ta, mai noman albasa can bakin dam. Yarinya mai kai, ta gama sakandare Sakkwato ta dawo gida. Randa ta dawo mata sunka cika gidan, kowace ta shigo sai ta tahwa hannu: "Masha Allahu, Mashkura kin yi ƙiba! Birni ya karɓe ki!" Mu nan ai yabo na. Mi ya hi a ce ma mace ta yi ƙiba? Ita kuwa ta yi murmushin yaƙe ta shige ɗaki, ba wanda ya kula.

Daga nan ta hwara janye hannu ga akushi. Tuwo, ta ƙoshi. Hura, ta yi tsami. Kihin da uwarta ta soya, sai ta ɗiba ta ba kyanwa a ɓoye. Kahin a tuge albasa yarinya ta koma awa karan gero, gashi na zuba, tana rawar sanyi tsakar rana. Amma sai ta tsaya gaban madubi ta damƙi hwatar cikinta tana kuka, wai dubi tumbi, wai ta zama buhu. Wane buhu, jama'a? An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya, shiru kake ji.

Da ta yanki jiki ta hwaɗi bakin rijiya munka kwashe ta sai asibiti. Wata malamar asibiti, Mas'uda, ta kira ni da ubanta waje ɗaya.

"Gwaggo, ba ƙarya take ba," in ji ta. "Ciwo na. Ƙwaƙwalwar kowa na riƙe da hoton jikinshi, to nata ya karkace, ƙatuwa yake nuna mata, kuma yunwa na ƙara karkata shi. Zuciyarta ta soma rauni. Ku kai ta babban asibiti Sakkwato tun da wuri, akwai likitocin wanga ciwo."

Mashkura tac ce ko da igiya ba ta zuwa. Lahiyarta lau, so ake a ɗura mata abinci ta ƙara kumbura. Lauwali ya yi lallashi, ya yi hwaɗa, ta juya ma bango huska. Ina ji ina gani ɗiyar ƙanena na ƙarewa, tsoro ya hana ni sakat.

To yau da hantsi 'yan mata sunka taru ɗakina, har da Mashkura, bikin ƙawarsu Laraba ya matso, kowace na son sabuwar jigida. Ni ƙa'idata, kowace ta yanki zarenta da kanta, don ba ni son a dawo ana ce min na matse ko na sake. Sauran na ta zagaya zare ga ƙugu suna shewa suna tsokanar juna. Mashkura ba ta yarda a ga jikinta, ita ma ba ta son taɓa shi. Sai ta shimhiɗa zare bisa tabarma ta kewaya shi daidai ƙugun da take gani, ta duba ta ƙara, ta sake dubawa ta ƙara, kana ta sa reza.

Na dubi zaren nan, innalillahi! Ko ni da na haihi bakwai ina shiga ciki in juya. Na buɗe baki ke nan, sai zuciya tac ce min, Bara'atu, kama bakinki. Na tura mata tasar duwatsun jigida. Ita ta zura da hannunta, ja da ruwan ɗorawa, ta ƙulle da kanta.

Da 'yan mata sunka watse nic ce, "Ɗiyata, gwada mu gani."

"Ba ta shiga ta, Gwaggo. Ta yi min kaɗan."

"To gwada, in ta yi kaɗan a ƙara."

Ta shiga bayan labule tana gunaguni. Sai ji nai, caras! Na leƙa, ga jigida ƙasa ta kewaye ƙahwahunta.

"Gwaggo, kin musanya min!"

"Ni? Na taɓa zarenki? Reza hannun wa take?"

Ta ɗauka ta duba ƙullin, nata na. Ta sake sawa, ta sake sulluɓewa. Sai ta riƙe ta ga ƙugu ta ja har ta matse, saura na reto kusa ga gwiwa. Ta hito haka nan ta tsaya gaban madubina. Ta dubi madubi, ta dubi abin da ke hannunta.

"Gwaggo," tac ce, "to wa nike gani can?"

"Wa kike gani?"

"Ƙatuwa. Har yanzu ga ta nan. Amma ni na yanka zaren, ni na ƙulle." Hawaye ya zubo mata. "Kada ki kawo min tuwo, ba ni iya ci, tsoro nike ji. Amma ki ce ma Baba shi nemo mota, ina zuwa Sakkwato."

Ayyiriri! Ban san sa'adda na rangaɗa guɗa ba. Na hita da takalmi ɗaya, mayahi a hannu, mata na leƙowa suna tambaya ko bikin Laraba an matso da shi. Na tsai da mai mashin, sai gonar Lauwali. Na ishe shi shina ban ruwa, tun daga nesa nike kwarara kira: "Lauwali! Ta yarda! Ta yarda!" Mutumin nan da gemu da komi ya zauna daɓas cikin ruwan gonar shina kuka, injin na ta aiki ba mai kashewa.

Malama Mas'uda da munka kira ta waya tac ce kada mu yi zaton ta warke, aikin yanzu ya soma, kuma da nisa. Na ji, na yarda.

Da mota ta tsaya ƙohwar gida Mashkura ta shiga da ƙahwarta, ba wanda ya tura ta. Sai ta leƙo ta taga ta kama bakin zanena.

"Gwaggo, ki zo mu tahi. In sun kawo abinci, ki riƙe min hannu."

Shi ya sa kunka ishe ni ina ƙulla kaya. Ku matsa min, direba na jira!