Kafinta Yana Rabon Kayan Aiki

Zango ɗaya kacal ta yi tana karatun halayyar ɗan Adam a jami'a, amma da ta dawo hutu babu wanda ya tsira daga binciken ƙwaƙwalwarta a gidan. Mamanta mai yawan faɗa, sai ta ce mata matsin rayuwa ne ke damunta. Yayanta da ke komawa ya duba ƙofa bayan ya kulle, ta ce yana da ciwon kokwanto. Har maƙwabciyarsu mai surutu sai da ta samu nata rabon. Nan da nan aka laƙaba mata Likita, ita kuma ko a jikinta, har amsawa take.

Babanta kaɗai ta ƙyale. Kafinta ne, shagonsa na jikin gida, kuma shi ba ya hayaniya da kowa, to me za ta gano? Tun da aiki ya ja baya, mutane suka koma sayen kujerun kanti, ya rage magana, ya rage cin abinci. Gari na wayewa zai buɗe shago ya zauna a kan benci, katako na jingine ƙura na hawa. Mama ta ce tsufa ne.

Sai kuma a 'yan kwanakin nan ya warware. Ya yi aski, yana fara'a, ya shiga rabon kaya. Zartonsa ya ba wani abokin sana'a, guduma da tef ɗin awo ya ba maƙwabci. Ya gyara ƙafar gadon Mama da ta shekara tana mita a kai, ya bi 'yan uwa gida-gida yana neman gafara a kan abubuwan da su kansu sun manta.

"Babanku ya samu sauƙi," in ji Mama tana yanka albasa. "Kyauta kamar zai bar duniya."

Da wasa ta faɗa. Likita na wanke kwano, hannunta ya tsaya cak a cikin ruwa. An koya musu wannan a aji, ta ma amsa shi daidai a jarrabawa: mai ciwon damuwa idan ya yanke shawarar kashe kansa, wani lokaci sai hankalinsa ya kwanta, ya shiga sallamar mutane da rabon abin da yake so. An kuma ce a tambaye shi kai tsaye, ba kwana-kwana. Malamin da ya faɗi haka bai ce komai ba game da 'yar da ko ido ba ta haɗawa da ubanta.

Ta same shi a shago yana share ƙasa. Bangon duk ƙusoshi ne babu abin da ke rataye. Tsoro ya kama ta sosai.

"Baba, sannu da aiki."

"Yauwa Likita. Yau ni za a duba?"

Ta durƙusa kamar mai gaisuwa, idonta a kan garin katako.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan tambaya. Kana tunanin kashe kanka ne?"

Ta jira tsawa, ko ma mari. Da ya yi ɗaya daga ciki da ta ji daɗi. Sai ya jingine tsintsiyar a hankali, ya zauna a kan benci, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Ba yau ba," ya ce.

Wata mota ta wuce a titi. Daga cikin gida Mama na ƙwala wa yayan Likita kira ya zo ya ɗauki abinci.

"To tashi mu je asibiti, Baba. Yanzu."

"Kada ki gaya wa mamanki."

"Zan gaya mata," ta ce. "Da ni da ita za mu raka ka."

Ta riƙe gefen rigarsa da hannunta mai kumfar sabulu, ta ɗaga murya ta kira Mama.