Ɗan Farin Rufa'i da Lekkol ɗin Teku

Ni na fara ganin Musbahu ranar da ya sauko daga motar arewa, kafin kowa a Tamanraset, garinmu da ke arewa da iyakar Nijar. Idon da ya ƙetare hamadar Tenere ranar da raƙuma suka zube ba ya kuskure: tun daga yadda ya riƙo jakarsa na san ba hutu ya kawo shi ba.

Musbahu ɗan fari ne ga Rufa'i, Badamagare mai shagon atamfa a kasuwa. A nan aka haife shi, a nan ya yi lekkol, wato makarantar boko. Bayan tafiyar Faransawa, da aka ce ana neman yaran kudu a lekkol ɗin tuƙin jirgin ruwa can bakin teku, shi aka ɗauka. Rufa'i bai taɓa cewa uffan a kai ba, sai dai duk wanda ya zo shago da zancen, yakan ƙara masa a awo.

Da la'asar Rufa'i yana zaune a tsakar gida ya juya baya, kamar yadda uba ke yi wa ɗan fari, yana jin ƙanwarsa Rakiyatu tana tambayar yaron.

"Gwaggo, ba irin mutanen da babu a can," in ji Musbahu. "Mafi yawa ƴaƴan masunta ne na bakin teku, tun suna rarrafe suke iyo. Akwai Kabilawa, mutanen duwatsun arewa, akwai baƙin da gwamnatocin Gine da Mali suka turo. Daga kudu kuwa ni ne da wani Buzu ɗan Abalessa, kullum amai muke a kwalekwale."

"To me ya dawo da kai?"

"An zo raba mu a jirage. Ɗan ƙasa ya hau jirgin ƙasarsa, baƙo gwamnatinsa ta nema masa. Suka dubi fatata, suka ji Hausa a bakina, suka tura ni cikin baƙi. Na ce a Tamanraset aka haife ni. Suka ce in zo, ubana ya tsaya a buro, ofishin hukuma, ya shaida. In ba haka ba, ɗan Nijar ne ni."

"Nijar ɗin da ko tekun wanke ƙafa ba ta da shi?"

Ba wanda ya yi dariya. Rufa'i bai juyo ba. Tun ranar suna bai taɓa furta sunan yaron ba, bai taɓa ce masa ɗana ba. In zai yi zancensa, sai ya ce yaron Illo, wato ƙanensa da ke Damagaram. Haka ubansa ya yi masa, haka kowane mai kunya ke yi.

Washegari ya sa babbar riga. Da shi kaɗai ya tafi, da wataƙila an wanye lafiya. Amma ina Badamagare zai je buro ba rakiya? Ƴan kasuwa suka rufe shaguna suka biyo shi, har da surukinsa Malam Tasi'u, kakan yaron. Suka cika ɗakin maƙil.

Ma'aikacin buro saurayi ne daga arewa, sabon zuwa, da tafinta a gefensa. Ya nuna Musbahu.

"Wannan ɗanka ne?"

Rufa'i ya dubi ƙasa. Yana jin numfashin surukinsa a bayansa.

"An ce ɗanka ne?" tafinta ya maimaita.

"Yaron gidanmu ne."

"Ya sunansa?"

Wani daga baya ya ƙyalƙyale. "Kai, tafinta, ba ka da ta ido? Ɗan fari ne fa!"

Tafintan Buzu ne, ya san abin sarai. Ya fara yi wa ma'aikacin bayani, shi kuwa ya ɗaga masa hannu. Ba al'ada ya zo ji ba, in ji shi, uba yake so ya yi magana da bakinsa.

"Baba," in ji Musbahu a hankali, "kalma ɗaya ce."

Rufa'i ya ɗago kai. Ya buɗe baki da niyyar faɗa, wallahi da niyyar faɗa, amma harshe ya bi hanyar da ya saba.

"Yaron Illo ne."

"Wane ne Illo? Yana ina?"

"Ƙanena. Yana Damagaram."

Malam Tasi'u ya gyaɗa kai, ƴan rakiya suka yi ta "madalla, ɗan mutunci." Ma'aikacin ya miƙe. Ɗan mutumin Damagaram ɗan Nijar ne, ya ce, haka zai sanar da lekkol. Aka yi ca a kansa, kowa na rantsuwa cewa a gabansa aka yanka ragon suna. Hayaniyar ce ta jawo jandarma, aka kora su waje.

Musbahu bai bi su gida ba. Rufa'i ya je shago ya zauna bai buɗe ba. Da aka sauko daga azahar, ya zaga ta bayan masallaci don kada a gan shi, ya koma buro shi kaɗai. Ya tsaya gaban teburin, ya cire hula.

"Musbahu," ya ce. "Sunansa Musbahu. Ɗana ne, na cikina."

Ma'aikacin ya girgiza kai, ya amsa ta bakin tafinta.

"Da safe, gaban jama'arka, ka ce na ƙanenka ne. Yanzu ba kowa, ka ce naka ne. Wanne zan ɗauka? Wanda aka faɗa gaban shaidu."

Rufa'i ya roƙa, ya ce zai tara su duka ya faɗa a gabansu. Aka ce masa an riga an buga waya arewa.

Musbahu bai koma lekkol ba. Ya shiga motar da ke zuwa bakin teku, ya ce gara ya yi dako a tashar jirage da ya zauna a nan ana ce masa yaron Illo. Buzun Abalessa kuwa, mun ji ya hau jirgi. Rufa'i ya rame, ya daina zaman hira, kuma har yau ƴan kasuwa yabonsa suke, wai ba a taɓa mai kunya irinsa ba.

Ina cikin ɗakin nan da safe, ina bakin taga da azahar. Ban san bihim a takarda ba, amma abin da kunnena ya ji ba ya gogewa. Wanda ya ce ƙarya nake, ina nan gindin bangon kasuwa kullum, ya zo ya faɗa mini ido da ido in ya isa.