Kakar Ranar Talata

A gidan ɗana Curtis an raba shekara tun jikata Tessa tana rarrafe, kuma ranar rabon ba wanda ya kira ni. Kirsimeti na Corinne ne, uwar matarsa, can Florida inda take da gida a bakin teku. Ista ma nata ne, wai yarinya tana bukatar rana bayan sanyin garinmu Hibbing. Da an rufe makaranta a watan Yuni za ka ga Curtis yana ɗaure kekuna a bayan mota, sai tafki a Wisconsin, inda baiwar Allahn nan take da wani gidan kuma, har da jirgin ruwa. Bikin Godiya da ma ba a magana, Chicago ake zuwa gidan ƙaninta a ci talotalo. Ni Marlys da ke bayan layinsu, aikina in tsaya a bakin titi in ɗaga hannu, a bar mini makulli da kyanwa.

Abin da ya rage mini ranakun da ba su da suna ne. Curtis yana aiki a mahaƙar ƙarfe, matarsa Paige tana asibiti, don haka ni ke ɗauko Tessa daga makaranta Talata da Alhamis, da duk ranar da ta rikice musu. Ni ce ta zazzaɓi, ni ce ta likitan haƙori, ni na zauna na tsefe mata kwarkwata shekarar da ta addabi ajinsu. Amma shiga falonsu ka dubi bango. Tessa da Mimi a kan yashi, Tessa da Mimi sun kama kifi, Tessa da Mimi da wani ƙaton talotalo. Mimi, wai! Corinne ta ce kada a kira ta kaka don yana tsufar da ita, alhali ta girme ni. Nawa hoton ɗaya ne, a jikin firij, takardar ranakun kwashe shara ta rufe mini rabin fuska. Ba mai ɗaukar hoto ranar Talata.

Biki ɗaya ne ya faɗo hannuna, shi ma don ba a ba da hutunsa: Halowin, ranar da yara ke yin shigar dodanni ko dabbobi suna bin gidaje ana ba su alewa. Ba inda za su je, dole a yi shi a nan. Tun Tessa tana goye nake ɗinka mata shigarta da kekena. Ta yi ƙudan zuma, ta yi mujiya, bara ta yi kifin tafki mai baki buɗe, har jaridar gari ta buga. A nan duk uwar da ta san abin da take yi sai ta bar wa rigar fili, don a kan kayan sanyi za a sa ta. Ranar ni ke riƙe hannunta gida gida, ni ke riƙe jakar alewa in ta yi nauyi. Duk shekara wannan yammacin nake jira, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Farkon Oktoba, wata Talata, tana zaune a kicin ɗina tana cin burodi da man gyaɗa, na ɗauko awo na ce, "To uwar tsiwa, bana me za mu zama?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Mimi."

"Me Mimi ta yi?"

"Ita zan zama. Doguwar rigar nan mai furanni, da malafa, da jan tabarau, da awarwaro masu ƙara. Kin san ta ai, Kaka."

Na san ta mana. Na ce, "Duk dabbobin da Ubangiji ya halitta sun ƙare ne? Ga barewa, ga mikiya."

"Ni Mimi nake so." Ta haɗe gira, ta riƙe ƙugu, burodin na hannu. "In ba za ki iya ba, sai Momi ta saya a kanti."

Wai in ba zan iya ba. Washegari na je na yanko yadi, mai furanni manya kamar faranti, ja da ruwan lemo, irin wanda ko labule ba zan yi da shi ba. Na zauna kan keke ina takawa ina cizon haƙori. Abu ɗaya ya sanyaya mini rai. Corinne siririya ce, da ganyen latas take rayuwa, kuma tana alfahari da haka. To rigar nan a kan kayan sanyi za ta hau. Na bar mata fili, na ƙara barin wani, sannan na cusa auduga a ƙugu, na ce don ɗumi ne. Da na rataye ta a ƙofa sai ga Corinne ta zama ganga, na zauna na yi dariya ni kaɗai har da hawaye.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ranar gwaji Tessa ta sa rigar, ta ɗora malafa, ta buɗe hannuwa ta ce, "Masoyana! Ku zo ku ga faɗuwar rana!" Muryar ce sak. Ta san yadda matar ke karkata kai, ta san yadda take kaɗa awarwaro kafin ta yi dariya, har yadda take taɓa wuyanta in an yabe ta. Yaushe yarinyar nan ta zauna ta haddace ta haka? Ni da nake wanke mata kai, ta taɓa kallona irin wannan kallon? Kishi ya turnuƙe ni har allura ta soke ni a yatsa ban ji ba.

Ana saura 'yan kwanaki Curtis ya kira. Daga gyaran muryarsa na san akwai magana.

"Mama, kin ga, Paige ta gaya wa mamarta zancen shigar nan. Ta ji daɗi sosai. Ta ce za ta hawo jirgi ta zo ta gani."

"Ta zo ina?"

"Nan mana. Kwana biyu kawai."

"Curtis, yamma ɗaya nake da ita a shekara. Ɗaya tak. Ita ma sai an zo an zauna mini a kai?"

"Haba Mama, ke da kike ganin Tessa kullum?"

Na ajiye wayar ban yi masa sallama ba. Shi ya sa ba na son magana da maza a kan irin wannan, ba sa gane komai.

Halowin ya faɗo ranar Litinin, ƙanƙara ta fara zuba tun azahar. Corinne ta fito daga mota da siririn takalmi da wata 'yar riga da ko iskar firij ba za ta tare ba, ta rungume ni tana ƙamshin turare. "Marlys, 'yar'uwa! Hannunki akwai albarka!" Da ta ga Tessa ta taho kamar ganga mai furanni, sai da murmushinta ya ɗan girgiza, ta taɓa ƙugunta. Na gani, kuma na ji daɗi. Takalman sanyin marigayi mijina suna nan bayan ƙofa, na dube su na dubi ƙafarta, na bar su a inda suke.

Muka fita da la'asar sakaliya, kyandir na ci a cikin fafaffiyar kabewa a kowace baranda. Tessa a gaba, hannunta cikin na Corinne, ni a baya riƙe da jaka kamar 'yar aiki.

Gidan farko na Arne Lindgren ne, wanda muka yi firamare tare. Ya buɗe ƙofa da kwanon alewa, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin malafar, sai ya fashe da dariya har yana dukan cinya.

"Kai jama'a! Marlys ce ta tafi hutu Florida! Ashe za mu ga wannan rana. Ke Marlys, wa ya biya miki kuɗin jirgi?"

Tessa ta ce, "Ni Mimi ce."

"Wace Mimi? Wannan haɗe girar tun muna aji ɗaya nake shan ta. Karɓi biyu, don kada ki dake ni."

Na ce, "Tsohon kawai, rufe ƙofarka sanyi na shiga." Amma a raina kamar in ba shi jakar gaba ɗaya.

Gida na biyu haka, na uku haka. Kowa ya buɗe ƙofa sai ya ce ga Marlys an ci ado, ga Marlys an yi kuɗi. Tessa ta buɗe hannuwa ta yi musu "Masoyana!" da duk ƙarfinta, suka ce ai ko a coci haka Marlys ke kwaikwayon mutane. Tana jin haushi tana riƙe ƙugu, tana riƙe ƙugu suna ƙara dariya. Ni kuwa bakina har kunne. Na saci kallon Corinne, ta daina kaɗa awarwaro, tana ɗaga ƙafa ɗaya tana sauke ɗaya cikin ƙanƙara. Na ce a raina, yau kin ji yadda ake ji.

A kwanar layi Tessa ta tsaya cak. Ta cire malafar ta jefar, ta zauna daɓas a kan ƙanƙara, audugar ƙugunta ta baje.

Na ce, "Tashi 'yar nan, za ki jiƙe."

"Ba zan tashi ba! Ke kika ɓata!"

"Ni? Ɗinkin ne bai yi ba?"

"Ba ɗinkin ba, ke!" Hawaye na bin ƙarƙashin jan tabarau. "A makaranta a ce ƙaramar Marlys. A coci a ce ƙaramar Marlys. In na yi fushi Baba ya ce ga Kaka ta motsa. Yau ɗaya kawai na so in huta da zama ke, shi ma kin biyo ni!"

Na tsaya da jakar alewa a hannu, na rasa inda zan sa kaina. Abin da nake nema shekara da shekaru ne aka miƙo mini, kuma da shi aka mare ni. Corinne ta tsuguna ta ɗauki malafar tana kakkaɓewa. Ba ta dube ni ba ta ce a hankali, "A tafki ma haka take. Duk hutun nan ina leƙen fuskarta ko zan ga wani abu nawa, ko kunne ne. Da Paige ta gaya mini zancen rigar nan, ban yi barci ba don murna."

Na miƙa mata jakar na ce, "Riƙe. Ki lallashe ta, ku bi ta hannun dama a hankali. Na manta murhu a kunne."

Ƙarya nake. Na zaga ta lungun baya, inda ake ajiye shara, ina zamewa ina kama shinge, na buga ƙofar kicin ɗin Joyce Maki, abokiyar waƙata a coci.

"Lafiya, Marlys? Kamar an koro ki."

"Tessa na zuwa. Kada ki kuskura ki kira sunana. Ki ce kin ga Mimi, matar Florida."

"Wace ce kuma Mimi?"

"Ke dai faɗi. Ki buga wa na gaba waya, su ma su faɗa wa na gabansu."

Na laɓe a bayan motar mijinta. Na ji takunsu, na ji ƙararrawa, sai muryar Joyce har ƙarshen layi: "Wayyo ni! Wannan ba Mimi ba ce, matar Florida? Yaushe kika sauka?" Sannan awarwaro suka kaɗa, na ji "Masoyana!" da wata dariya da ban ji Tessa ta yi ba duk watan. Na leƙa, ta ƙanƙame Corinne, kumatu a kan kumatu, Joyce kuma ta karɓi waya tana ɗaukar su. Kada wani ya ce na ji sanyi a raina. Zafi na ji, irin na da, har ya fi, don wannan karon da hannuna na ba da. Na koma gida na ɗauko takalman marigayi, na same su a layi na gaba na dire a gaban Corinne na ce, "Sa, kafin a yanke miki yatsu a ce ni ce."

Washegari da safe Curtis ya kai ta filin jirgi. Kafin azahar Paige ta turo hoton, ta ce za a wanke shi babba a rataye a falo. Ina cikin kallonsa ina tsaki sai waya ta yi ƙara, daga makaranta. Wai Tessa ta yi amai a aji, alewa ta yi mata yawa, an nemi iyayenta suna wurin aiki.

"Ta ce a kira wa?" na tambaya, ko da yake na sani.

"Ta ce a kira Kaka."

Na je na ɗauko ta. Ta sake yi mini wani a mota, na wanke ta, na sa mata tsohuwar rigar barcina, na dafa mata ruwan citta. Ta ɗora kai a cinyata, barci ya kwashe ta da girar nan a haɗe. Wayata tana kan tebur, da na miƙa hannu zan iya ɗaukar hoto, amma in na motsa za ta farka. Na bar ta a wurin, na ja mana bargo.