Ƙarfe Mai Ɗumi

Babban likitan asibitin ya daɗe yana juya takardar shaidar matashiyar likitar da ta zo neman aiki kafin ya ɗago kai.

"Wannan makaranta kuma a ina take, 'yata?"

"Tsohuwar makarantar likitoci ce ta bakin kogi, ranka ya daɗe. Bara aka sauya mata suna."

"To, in suna ya tafi, me ya rage?" Ya ture takardar gefe.

Asibiti na uku ke nan da sabon sunan zai hana ta aiki. Duk da haka dattijon ya kai ta ɗakin yara, ya ce ta duba wata jaririya mai tari.

Ta ciro abin sauraron ƙirji, ta murza ƙarfen a tafin hannunta har ya yi ɗumi, sannan ta ɗora wa jaririyar. Ba ta ma san ta yi ba.

Dattijon ya ƙura wa hannunta ido.

"Har yanzu suna korar wanda ya ɗora shi da sanyi daga aji?"

"Sau biyu aka kore ni, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya, ya ce, "Ni sau huɗu. Ki zo ranar Litinin."