Babi na Sha Tara

Shekara huɗu ina fama da littafin nan, kuma babi ɗaya ne ya tsaya min a wuya, na sha tara. Sauran duk na gama. A babin nan ne uba da 'yarsa za su haɗu bayan shekara goma ba sa magana. Na rubuta shi ya fi sau ashirin. Da na haɗa su a ɗaki sai su hau yi wa juna jawabi kamar 'yan takara. Tir.

To yaushe ma na samu na zauna? Litinin zuwa Alhamis ina koyar da rubutun labari a wata cibiya, ɗalibai talatin da biyu, kowa gani yake nasa labarin ne zai girgiza duniya, kuma ni ce zan karanta. Teburin da nake rubutu a kai shi ne na cin abinci, shi ne na guga. Maigidana in ya zo wucewa sai ya leƙo ya ce, "Marubuciya, har yanzu ba su shirya ba? Ki kira ni in yi musu sulhu mana." Shi abin dariya yake ba shi. Ni kuwa editana ya riga ya faɗa min gaskiya: ƙarshen wata, ko in miƙa ko a ba wani gurbina a maɗaba'a, sai kuma baɗi. Sau biyu ana ɗaga min, babu na uku.

Ran nan na shiga aji ban shirya komai ba, kaina a kulle. Sai kawai na ɗauki alli na rubuta musu matsalata a allo, na kira ta aikin gida: uba da 'ya, shekara goma ba magana, ɗaki ɗaya. Ba kuka, ba neman gafara. Shafi huɗu.

Talatin da ɗaya suka kawo min kuka da neman gafara. Haba jama'a, da wane yare na yi magana?

Ta talatin da biyun wata nas ce, za ta girme ni da shekara biyu ko uku. Daga asibiti take zuwa, da farin takalminta, ta zauna can baya kusa da fankar da ba ta aiki. A raina Shiru-shiru nake kiranta, don wata biyar ban ji ta ce uffan a aji ba. Da hannu ta rubuta nata, a bayan wasu tsofaffin takardu. 'Yar ta shiga ɗakin asibiti, ta tarar da uban a kwance, ta ga faratan ƙafarsa sun yi zaƙo-zaƙo. Ta nemi abin yanke farce, ta zauna a bakin gado, ta ɗora ƙafar a cinyarta. Shafi huɗu tana yanka. Abin da uban ya ce kawai shi ne, "A hankali da babban, yana min zafi." Ita kuma ta ce, "Na sani."

Na karanta a tsaye a kicin, har shayina ya ƙafe a wuta. Wallahi sai da na zauna.

Abin da na yi bayan nan ba ni da bakin kare shi. Na buɗe kwamfuta, na buga shafukanta huɗu a gurbin babi na sha tara, na canza sunaye zuwa na mutanena. Cewa na yi don in gani ne kawai, in ji yadda numfashin babin zai zauna, sannan in goge in rubuta nawa. Ya zauna daram kamar dama don shi na rubuta sauran sha takwas ɗin. Na ce gobe zan goge. Gobe ta zo da taron malamai, jibi da zazzaɓin autata. Ranar wa'adi, saura minti ashirin in shiga aji, na tura fayil ɗin. In kun tambaye ni mantuwa ce ko ganganci, ni ma kaina nake tambaya.

Kwana uku sai ga kiran edita. Mutumin nan shekara goma sha biyu muna aiki tare, iyakar yabonsa shi ne "ba laifi".

"Malama," ya ce, "babi na sha tara."

Na ce ina jinsa.

"Sau uku na karanta. Na ba matata ta karanta, ta bar min tukunya ta ƙone. Tun littafinki na farko ban ga kin yi rubutu irin wannan ba. Gaskiya da na fara tsoron koyarwar nan ta cinye ki. Ko waƙafi kada ki taɓa. Litinin za mu maɗaba'a."

Na ce masa na gode. Ku ji fa, na gode!

Kwana huɗu suka rage min, na ce zan rubuta wanda ya fi shi in musanya. Na kulle kaina a ɗakin yara ranar Asabar, na sa uban ya nemi ruwa, na sa 'yar ta gyara masa filo. Duk yanke farce ne da wata rigar. Na ja tsaki har maigidana ya ƙwanƙwasa ya ce ko ƙadangare ne ya shigo. Na gaya masa komai ta bayan ƙofa. Ya ce, "Wa zai sani?" Na ce ni. Ya ce, "To ai kin gama magana, me kike yi a ciki?" Haushinsa ya kama ni, don na so ya lallashe ni in bar shi.

Ranar Litinin da aka tashi daga darasi na ce nas ɗin ta tsaya. Ta tsaya riƙe da jakarta, tana duba agogo, ƙarfe biyar za ta karɓi aiki. Na gaya mata tiryan-tiryan, ban rage komai ba. Na ce za a sa sunanta a gaban littafin, a rubuta cewa babin nata ne, in ta yarda yau ɗin nan za a buga.

Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga.

"Malama, wane suna kika sa masa?"

"Wa?"

"Babana."



"A watan uku ya rasu," ta ce. "Kwana biyu bayan na yanke masa. Ko 'yan'uwana ban gaya musu na je ba. Ke kaɗai na ba, don kin ce aikin gida ne." Ta gyara jakar a kafaɗarta. "Ki cire shi."

Na buɗe baki zan ce maɗaba'a, zan ce shekara huɗu, zan ce baɗi. Na ga babu wadda za ta iya fita a gaban matar nan. Na ɗauki waya a nan inda take tsaye na kira edita. Ya yi ta faɗa, yana da gaskiya. Ya ce gurbin ya tafi, ya ce kuma sai ya yi tunani ko za mu ci gaba da aiki tare. Duk tana ji.

Da na ajiye wayar ta nufi ƙofa, sai ta tsaya.

"Da gaske ya ce ya yi kyau?"

"Sau uku ya karanta."

Ta buɗe jaka ta zaro shafukan nan huɗu, a ninke. Akwai abin da ban gaya muku ba. Da na mayar mata da su satin da ya wuce, da jan biro na rubuta a ƙasa: biyar cikin goma, babu motsi, a sake.

"Na yi niyyar yau ta zama ranata ta ƙarshe a ajin nan," ta ce. "Na ɗauka ba ni da baiwar. To me ya sa kika ba ni biyar?"

Ina da amsoshi irin na malamai cike da baki, shekara tara ina rabawa. Na duba ban samu ko ɗaya ba.

"Hassada," na ce.

Ta dube ni. Sannan ta ajiye takardun a teburina, ta ɗauki jan birona da ke gefe ta miƙo min.

"Gyara," ta ce. "Ina sauri."