Tabaran Kwamfutar Nu'uman

Gara in faɗa da bakina kafin a faɗa mini: ni mutum ne mai leƙe. Ko wayar wani ce ta yi haske a cikin mota, sai wuyana ya miƙe ba tare da ya nemi shawarata ba. Halin nan ne ya sama mini gurbi a bencin da ke ƙofar shagon Nu'uman a Batsari, can ƙarshe inda rana ke fara bugawa.

Shagon Nu'uman bai fi ɗakin ajiye buhuna ba, don asalinsa ma shi ne. Kwamfuta ɗaya ce a kan tebur jikin bango, sai firinta da ta rasa wurin zama a ciki, aka ɗora ta a kan kujera a bakin ƙofa. Nan ake buga takardu, a gyara hoto, a duba wa yara sakamakon jarrabawa. Mai ginin shi ne Malam Labaran, dillalin hatsi, aminin marigayi mahaifin Nu'uman, kuma shi ne uban benci. Bencin ya riga kwamfutar zuwa wurin. Da aka kawo ta, sai ya zamana daga gefe ana hango fuskarta tas, majalisa ta samu talabijin kyauta. Daudu, tsohon masinjan ƙaramar hukuma, shi ke zama kusa da firinta yana miƙa wa mutane takardunsu, shi ne kuma mai fassara wa dattawa abin da ke kan allo.

Nu'uman ya daɗe yana haɗiye abin. Ranar da ya kasa, wata yarinya ce Mahfuza ta zo daga Yasore duba sakamakonta. Tun kafin ita ta gane abin da ta gani, Daudu ya sanar da majalisa cewa lissafi ya kayar da ita. Wani ɗan acaɓa da ke shan inuwa ya ji, labari ya riga ta isa gida. Bayan wannan, yaran Yasore da na Wagini suka gwammace su biya kuɗin babur har Safana a duba musu inda ba a san iyayensu ba.

Sai Nu'uman ya hau motar Katsina, ya dawo da wata baƙar roba shimfiɗaɗɗiya mai kama da gilashi, ya maƙala ta a fuskar kwamfutar. Wanda ya zauna saitinta yana ganin komai. Wanda ke gefe kuwa, duhu kawai yake gani, sai inuwar hularsa. Majalisa ta raɗa mata suna tabaran kwamfuta.

Da fari an ɗauka lalacewa ta yi, har aka yi masa jaje. Da aka ga yana ta danne-danne yana murmushi, sai jaje ya koma gunaguni. Daudu ya ce a wannan zamani da ake neman masu kai wa mutanen daji rahoto, duk wanda ya rufe allonsa ya san abin da ya taka. A Batsari ba a wasa da irin wannan magana. Nu'uman ya ji ta a masallaci, ya ji ta a wurin mai shayi, ya dawo ya ƙara goge tabaran da gefen rigarsa.

Malam Labaran bai so a ce da shi aka yi tsegumi ba, sai ya yi magana irin ta manya. Ya ce abin da ba a son idon dattijo ya gani, da wuya ya zama alheri. Ya ce shi ya riƙe wa uban Nu'uman rago ranar sunan yaron, yau kuma ɗan ne zai sa masa labule a cikin gininsa.

"Nu'umanu, ranar kasuwa ko ka cire abin nan, ko ka kwashe kayanka. Buhuna ba su taɓa ɓoye mini komai ba."

"Baba, ginin naka ne. Amma abin da ke kan allon na masu shi ne."

Nu'uman bai da wani shagon, bai da inda zai kai kwamfutar sai ɗakin matarsa. Ya san haka, majalisa ma ta sani. Abin da majalisa ba ta sani ba shi ne, sati guda kafin nan, Malam Labaran ya zo da sassafe kafin benci ya cika, da hotonsa a aljihu. Tun rasuwar maiɗakinsa yake zaune shi kaɗai, yanzu kuma an yi masa hanyar wata bazawara a Safana, ta ce a aiko da hoto. Ya roƙi a rage masa furfura, a mayar masa da haƙoran gaba biyu da suka yi ritaya, a kuma rufa masa asiri.

Ranar kasuwa benci ya cika har da 'yan tsaye. Malam Labaran ya iso da sandarsa, ya tambaya ko an yi abin da ya ce. Nu'uman ya miƙe, ya kaɗe kujerarsa, ya ce tunda zarginsa ake, babu wanda ya cancanci ya bincika sai mai gini. Dattijo ya shiga ya zauna saitin allo, Nu'uman ya tsaya a bayansa ya tare hanya, ya danna.

Mu dai duhu muka gani. Malam Labaran kuwa ya ga wani saurayi mai baƙin gemu sanye da hularsa, yana yi masa murmushi da haƙora cikakku. Ya daɗe yana kallo. Ni da wuyana ya kusa tsinkewa, na rantse sai da ya gyara zaman hular.

Nu'uman ya sa yatsu biyu a gefen robar, ya ɗan ɗaga ta.

"Baba, in cire? Jama'a na jira."

Malam Labaran ya riƙe masa hannu da ƙarfin da ba a san yana da shi ba.

"Bar shi, ɗan nan. Hasken ma yana kashe ido."

Ya fito ya shaida wa majalisa cewa ya bincika da kansa, aikin halal ne yaron ke yi, kuma duk wanda ya sake haɗa sunan ɗan amininsa da mutanen daji, shi da shi ne. Daudu ya buɗe baki, dattijo ya nuna shi da sanda, ya mayar ya rufe.

Nu'uman ya koma kujerarsa kamar wanda ya ci yaƙi da kara. Bai bar shago ba, bai cire tabarau ba, bai tona asirin kowa ba. Cikin jin daɗi ya ce bari ya sallami dattijo da aikinsa tun yau, ya danna a buga.

Firintar tana nan inda take a bakin ƙofa, kusa da gwiwar Daudu, kuma fuska sama take fito da takarda.