Iyalin Mushe Hamani

Ɗakin da gwamnati ta ajiye wa sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, na Illela yana can bayan ajujuwa, inda gari ya ƙare gonakin gero suka fara. Hamani ya tura ƙyauren, jemagu suka yo kansa kamar an watso masa tsummoki. A lungu ga saɓar maciji, doguwa, sabuwa. Ya daɗe tsaye da akwatin ƙarfensa a hannu, bakinsa a buɗe. Shekararsa ashirin da biyu, Bazabarme ne ɗan Doso, Hausarsa kuwa a filin ƙwallo da ɗakin kwanan 'yan makaranta ya tsince ta. Watan Oktoba ne na 1969, kuma bai san kowa ba a garin.

Ya shiga gari neman ɗaki, aka nuna masa gidan Barmo baduku. Yana durƙushe a zaure suna gaisawa sai wata budurwa ta shigo da tulu a ka, ruwa na ɗiga a gefen wuyanta. Ta yi sallama a hankali ta wuce. Tsahara ce, 'yar maigidan. Bai ga ɗakin ba tukuna, amma zuciyarsa ta riga ta shiga ta shimfiɗa tabarma.

"Mushe," in ji Barmo, don haka ake kiran malaman lakwal, an aro daga Faransanci, "ɗakin nan cikin gida yake, akwai mata. Kana da iyali?"

Kalmar ta yi wa Hamani daɗi a kunne, don ta yi kama da almayali na Zabarmanci, wato mutanen gida duka. Ya tuna uwarsa da ƙannensa biyar.

"Ina da su. Suna Doso."

"Madalla. Yaushe za ta taho?"

Tun rasuwar mahaifinsu ai Nya, uwarsa, ita ce gidan. Ya ce, "Sai an gama aikin gona. Ba ta son mota."

Haka ya tare. Mariama, matar Barmo, ta ɗauke shi kamar ɗa, ba ta kuma raga masa da tsiya.

"Wai mi ya sa Nasara suka raɗa muku sunan abincin ungulu?"

"Inna, wannan mushe daban ne."

"To Allah shi sa. Ita iyalin taka, ɗiya nawa gare ta?"

"Shida. Da bakwai ne, ɗaya ya rasu."

Muciyar Mariama ta tsaya cak cikin tukunya. Ta dube shi tun daga takalmi har zuwa haɓarsa da ba ta gama tsiro ba.

"Ta girme ka ke nan?"

"Sosai ma," in ji Hamani, yana mamakin tambayar.

Tsahara ce ta hana shi sukuni. Kwana biyun farko ya kama ta tana kallonsa ta tsakanin zana, daga nan idonta ya koma ƙasa bai sake tasowa ba. Ya cika rabin littafin rubutu da wasiƙun Faransanci da ba za ta iya karantawa ba, shi ma ba zai iya miƙawa ba. Wata rana ta kawo masa fura, ya yi ƙarfin hali ya tsayar da ita da hira. Ta ce, "Ana jin labarin iyali?" Ya ji daɗi ƙwarai da ta damu da uwarsa, ya ce, "Ta sa an rubuto mini, wai kullum sai ta yi mafarkina." Tsahara ta ajiye ƙwaryar, ta juya. Ya bi bayanta da kallo, bai kuma san laifinsa ba.

Da aka ce baƙuwa na tafe, matan unguwa suka taru suka yi wa ɗakin sabon daɓe, suka shafe bango da farar ƙasa. Tsahara ta fi kowa bugu. Ta riƙa maka madaɓi a ƙasa kamar ƙasar ce ta ɓata mata rai, har tafukanta suka yi bororo.

Ranar kasuwa da hantsi motar Ƙonni ta iso. Tsakar gidan Barmo ya cika da mata, kowacce na son ganin matar da ta haifa wa wannan yaro 'ya'ya bakwai. Sai ga Hamani ya shigo fuskarsa kamar an ba shi sarauta, riƙe da hannun wata tsohuwa mai sanda, kanta fari fat.

Wata maƙwabciya ta ce ƙasa-ƙasa, "Lalle ta girme shi."

Mariama ta daure ta russuna. "Sannu da hanya, uwargida."

"Ga Nya," in ji Hamani, "wadda ta haife ni."

Aka aika kiran Barmo daga zaure. Ya shigo da basilla a hannu.

"Ita ta haihe ka? To iyalin hwa?"

"Ai ita ce, Baba. Da ƙannena biyar."

"Matarka nike tambaya, Mushe."

"Mata?" Hamani ya waiga, ya ga idanu kusan ashirin a kansa. "Ni ban taɓa aure ba."

Barmo ya laluba bayansa, ya zauna a kan kifaffen turmi. "Kwana arba'in da biyu," ya ce. "Tuzuru cikin gidana, ƙohwa da ƙohwa da ɗiyata, ni ina zaure ina ɗinkin takalma."

A nan ne komai ya dawo wa Hamani, ɗaya bayan ɗaya: muciyar da ta tsaya, 'ya'ya bakwai, mafarkin. Mafarkin. Ya nemi Tsahara da ido, ya hango ta a bakin madafa, hannu biyu a kan baki.

"Wallahi, Baba, a wurinmu…"

"Ba ƙarya ka yi ba, na gani ga idonka. Amma gari ba shi duba ido. Kahin la'asar ka ɗauke akwatinka."

Nya ta zungure shi da sanda, sai ya fassara mata. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta huce, ta leƙa ɗakin, ta ƙwanƙwasa daɓen da sandarta, ta tambayi wa ya yi wannan aiki. Aka turo Tsahara. Tsohuwa ta kama tafukan yarinyar, ta daɗe tana kallon bororon, sannan ta ɗago ta dubi ɗanta, wanda ya rasa inda zai ajiye idonsa. Ta shige ɗakin, ta miƙe ƙafafu a kan daɓen, ta faɗi magana guda.

"Mi ta ce?" in ji Barmo.

"Wai… ita ba ta zo daga Doso don ta kwana da jemagu ba."

Gefen bakin Barmo ya motsa, ya danne shi. "Ta zamna. Ɗakin iyali na ba ka, kai kuma ita ka ce. In ka zo gaishe ta, ka tsaya zaure ka yi sallama kamar kowane ɗan mutane." Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. "In da wata magana bayan gaisuwa, ba bakinka nika son jin ta ba. Ga tsohuwa nan."

Bayan azahar Hamani ya fito da akwatin a kafaɗa. A ƙofar da ta raba zaure da cikin gida ya tarar da Tsahara riƙe da tsintsiya mai dogon mariƙi.

"Ka tahi da wagga, don jemagu."

Ya karɓa. Idonta yana kansa, bai sauka ba.

"Ashe tsohuwa ce mai mahwalkin," ta ce, ta ja gyale ta rufe bakinta, kafaɗunta na rawa.

Daga gidan Barmo zuwa lakwal hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya. Sau biyu Hamani ya ɓata a ranar.